Funfuna, Kanwa da Sinadari: Sunayen da Ke Cikin Kwamin Kifi

A Kusasu da sauran ƙauyukan da ke gefen dajin Birnin Gwari, ba a rasa sunan kifi. Akwai tarwaɗa da ɗan'uwanta ramboshi, akwai ƙurungu mai ƙaya, karfasa, gaiwa mai kwana cikin laka, da minjirya wadda ba a kama ta da garaje. Masuncin kogin Mariga zai jera maka su ba tare da ya numfasa ba. Amma ka tambaye shi sunan cutar kifi guda ɗaya, sai ya tsaya yana dubanka. Yana da hujja. Masunci ba ya jinyar kifi, kuma wanda ya raunana a kogi, babban kifi ko tsuntsu ya riga kowa ganinsa. Sai da muka tsare kifi a ɗan ƙaramin wuri, muka zuba masa ido safe da yamma, sannan muka fara neman kalmomi.

Shi kansa wurin, me za a kira shi? Akwatin gilashin da ake ajiye kifin ado a falo, Turawa na ce masa akwariyom. Wani masanin halittu ɗan Ingila, Philip Henry Gosse, shi ya yaɗa sunan da littafinsa na 1854, shekara ɗaya bayan an buɗe gidan kifi a gidan namun daji na Landan. A Latin kuwa kalmar tana nufin mashayar dabbobi. Mu a nan masu kiwon tarwaɗa a bayan gida suna cewa kwami, wato komin da ake zuba wa shanu ruwa. Harsuna biyu da ba su yi shawara da juna ba, duk suka je wurin shanu suka aro wa kifi sunan ɗaki. Gilashi ne ko siminti ko tankin roba, matsalar ɗaya ce: ruwa kaɗan, ba ya gudu, kifi na ci a ciki yana kashi a ciki.

Wata safiya cikin hunturu sai a ga wani farin abu ya tsiro a bayan kifi ko a wutsiyarsa, yana lilo cikin ruwa. Wani ya ce auduga, wani ya ce farin gashi, wanda ya ɗan yi karatu ya ce fangas. Tsohuwar kalmarmu ita ce funfuna, wadda ke fitowa a kan kwanannen tuwo.

Masana sun sa wa wannan farin abu suna Saprolegnia tun 1823. Kalmomin Girka biyu ne aka haɗa, ɗaya na nufin ruɓaɓɓe, ɗaya na nufin geza irin ta bakin mayafi. Gezar ruɓa ke nan, kuma duk wanda ya ga abin da idonsa zai yarda mai raɗa sunan ya duba da kyau.

Sai dai ba funfuna ba ce. Shekaru da dama ana lissafa ta cikin dangin funfuna da naman kaza, kafin bincike ya nuna cewa bangon ƙwayoyinta na selulos ne, irin abin da ke cikin zaren auduga, kuma danginta na kusa su ne wasu ciyayin teku masu ruwan ƙasa. Saboda haka mai cewa auduga bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda ake zato. 'Yar'uwarta ce ta ruɓar da dankalin Ayilan a 1845 har aka yi yunwa. Wata 'yar'uwar kuma manoman Birnin Gwari sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba: ita ce ke sa zangarniyar gero ta fito da ganyaye maimakon tsaba.

To a jefar da kalmar funfuna? Ni ban ga dalili ba. Ta kuskure dangi, amma ta dace da hali. Funfuna ba ta hawa tuwo mai zafi, wannan ma ba ta cika kama lafiyayyen kifi ba. Ƙwayoyin haihuwarta suna iyo a kusan kowane ruwan daɗi, suna jiran kifin da koma ta kurje, ko ɗan'uwansa ya ciza, ko sanyi da ƙazamin ruwa suka rage masa yauƙin jiki. Ana ganinta ne bayan ɓarna ta riga ta faru.

Akwai wata cutar mai kama da ita, wadda Turawa ke kira funfunar baki alhali bakteriya ce, sunanta kolumnaris. Ita a shimfiɗe take, fari-fari ko ruwan toka, tana cin baki da matatar numfashi, kuma ta fi ƙarfi da bazara. Saprolegnia kuwa mai zare-zare ce, ta fi son sanyi. Suna ɗaya ya rufe cuta biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yanzu ruwan. Malamanmu na fiƙihu sun koya mana a duba abu uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. In babu wanda ya jirkita, ruwa ya yi alwala. Ma'aunin ya wadatar da mai alwala, amma kifi ba wanke gaɓɓai yake yi ba, numfashi yake yi da ruwan. Ruwan famfo garai-garai na iya kashe shi saboda kulorin, shi ya sa ake barinsa ya kwana a buɗe kafin a zuba. Koren ruwa mai gansakuka kuwa, wanda uwar gida za ta yamutsa fuska in ta gani, karfasa na ƙiba a cikinsa.

Babban makashi shi ne amoniya. Kifi na fitar da ita ta matatar numfashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Tana fara ƙone matatar tun tana ƙasa da miligiram 1 a lita, tun hanci bai ji komai ba. Sunanta daga Masar ya taso. Kusa da ɗakin bautar Amun a zangon Siwa akwai wani gishiri da Rumawa suka kira gishirin Amun, daga baya sunan ya koma kan wani farin gishiri mai yaji da maƙera ke amfani da shi, daga nan kuma aka ciro amoniya.

Wannan farin gishirin, Farisawa da Larabawa nushadir suke ce masa. Ya ƙetaro Sahara, ya shiga hannun maƙeran farfaru masu liƙa azurfa da tagulla, bakin Bahaushe ya murɗa shi ya zama sinadari. Yau kowane abu sinadari ne: na miya, na taki, na bam, har zance ma akan ce an sa masa sinadari. Amma na farkon, kakan duka, gishirin amoniya ne. Idan malamin gona ya ce wa mai kwami "wani sinadari ne ke kashe maka kifi", yana ganin ya yi magana a dunƙule, alhali ya ambaci mai laifin da sunansa na yanka.

Amoniya tana da masu cin ta. Wasu bakteriya da ke zaune a jikin matata da tsakuwa suna mai da ita nitirayit, wasu kuma su mai da nitirayit nitiret, wanda ba shi da dafi sosai. A Turanci, kalmomin biyu na ƙarshe wasali ne kawai ya raba su, amma na farkon yana hana jini ɗaukar iska har ya koma ruwan ƙasa. Bakteriyar kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, shi ya sa sabon kwami ya fi tsoho kisa. Tarwaɗa kuma tana yaudarar mai ita, domin tana iya haɗiyar iska daga sama. Sai ta yi ta rayuwa cikin ruwan da tuni ya kashe karfasa, fatarta na lalacewa a hankali.

Tarkon da ya fi ba ni tsoro shi ne na kanwa. Littattafan kiwon kifi suna ambaton fotasiyam famanganet, wani gari mai rina ruwa ja-ja mai shuɗi-shuɗi. A Turancin Nijeriya kuwa kanwa fotash ake ce mata. Sunan aro ne da bai dace ba, domin kanwar da fatake ke kawowa daga Manga da Tafkin Chadi gishirin sodiyam ce. Wanda ya bi kamannin sunan ya jefa kanwa ungurnu a kwami, ya ɗaga ma'aunin pH na ruwansa, kuma duk hawa ɗaya a wannan ma'auni yana ninka kason amoniya mai dafi kusan sau 10.

Gishiri dai gishiri ne, babu ruɗani. Giram 1 zuwa 3 a kowace lita yana sauƙaƙa wa kifin da fatarsa ta buɗe, yana rage kaifin funfunar, yana kuma tare nitirayit daga shiga jini.

Shuɗin metilin ba bular wanki ba ce, ba kuma shunin karofi ba ne, ko da yake shi ma marina aka yi wa shi. Heinrich Caro ya haɗa shi a Jamus a 1876 don rina tufafi, a 1891 Paul Ehrlich ya gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro, yau kuma masu ƙyanƙyasar tarwaɗa na kare ƙwai da shi. Aibinsa ɗaya: yana kashe bakteriyar da ke cin amoniya. Don haka a wani bokiti daban ake yi wa marar lafiya wanka da shi. Shi kuwa koren malakayit, wanda babu dutsen malakayit a cikinsa sai kamar launi, ƙasashe da yawa sun haramta shi ga kifin ci saboda ragowarsa na daɗewa a tsoka. Kada ya kusanci tarwaɗar da za ta shiga tukunya.

Mai kwami, in ka ga farin zare a jikin kifinka, kada ka fara da kantin magani. Ware marar lafiyar, tsame matattu da ragowar abinci, rage ciyarwa, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda ya kwana, ka maimaita gobe. In hunturu ne, ka rufe kwamin da dare, domin tarwaɗa ta fi son ɗumi na digiri 25 zuwa 30. Bayan nan sai a yi maganar gishiri.