Daga shuɗiyar rana zuwa lidar: yadda aka koyi auna hayaƙin gobarar daji

A ƙarshen Satumban 1950, mutanen birnin Edinbura na Sikotlan sun ɗaga kai suka ga rana ta koma shuɗiya. Musabbabin abin yana can Kanada: gobarar dajin Chinchaga ce iska ta kwaso hayaƙinta, ta ƙetare Tekun Atlantika da shi. A lokacin babu hanya mai sauƙi da mutum zai tsaya a ƙasa ya san nisan hayaƙin a sama. Wannan nisa kuwa shi ne magana: hayaƙin da ke ƙasa-ƙasa huhunmu yake shiga, wanda ya haura can ƙololuwa kuma yakan yi watanni yana tare hasken rana.

Mafita ta fara ɓullowa a 1960, da Theodore Maiman ya ƙera lesa ta farko. A 1963, Giorgio Fiocco da Louis Smullin na jami'ar MIT a Amurka suka harba haskenta sama, suka kama ɗan abin da ƙwayoyin da ke cikin iska suka maido. Dabarar ita ake kira lidar, kuma kamar amsa-kuwwa take. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka idan ya dawo bayan kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa, to abin da ya buga yana nisan kilomita 15.

Daga baya aka ɗora na'urar a sararin samaniya: gwajin LITE a kumbon Discovery a 1994, sai tauraron ɗan'adam CALIPSO na Amurka da Faransa, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023. Ire-iren waɗannan na'urori kan taimaka wajen bambance hayaƙi da ƙura, domin siffar ƙwayoyinsu ba ɗaya ba ce. Mu ma abin ya shafe mu: a Janairun 2006, binciken DABEX a Yamai ya nuna hayaƙin ƙonen daji yana shawagi a saman ƙurar hunturu.

A Agustan 2017 dazukan yammacin Kanada suka sake kamawa, hayaƙin ya sake isa Turai. Wannan karon tashoshin lidar na jiransa. Sun auna nisansa da kaurinsa, suka bi sawunsa wata da watanni.