Wa Ke Riƙe da Tarihin Direba?

Sana'ar tuƙi ta shigo ƙasar Hausa ne a bayan jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma sannu a hankali manyan motoci suka karɓe aikin jakai da raƙuma na kwaso gyaɗa da auduga da fatu daga ƙauyuka zuwa tasha. Tun lokacin ake fama da tambaya ɗaya: direban da ya yi ƙaurin suna wajen ganganci, ya kayar da mota sau ɗaya sau biyu, yana gyaruwa kuwa, kuma me ke gyara shi? Abin da tarihin sana'ar ya nuna shi ne yana gyaruwa, amma sai an haɗa masa abu biyu: wani wanda ba ya manta laifinsa, da kuma ƙofar da zai bi ya dawo da mutuncinsa. Duk inda aka rasa ɗaya, tara da wa'azi sun tashi a banza.

A da, maigidan mota da tasha ne ke riƙe da wannan lissafi, ba tare da takarda ba. Ba wanda ke kwana ya tashi direba. Yaro zai shiga a matsayin karen mota, ya yi shekaru yana wanki da ɗaurin kaya da cire taya. A kan tudu shi ne zai diro da gudu mota na tafiya, ya tokare tayar baya da guntun katako kafin birki ya ci amana. Da dare ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadi. Sai oga ya ga hankalinsa ya kwanta sannan zai bar shi ya juya mota a cikin tasha, daga nan ya ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya yana zaune a gefensa, hannunsa kusa da giya. Ranar da ya zama direba, kowa ya san yaron wane ne. In ya yi aron hannu a kwana ya jefa dukiyar Alhaji a rami, kafin a janyo motar labari ya riga shi isa tasha, an karɓe makulli, kuma babu mai mota a garin da zai ba shi wata sai wani dattijo ya tsaya masa. Sau da yawa sai ya koma gefen direba na wani lokaci, ko a ba shi tsohuwar mota mai gajeren zango, har a ga ya nutsu. Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba: akwai duka da wulaƙanci a cikinsa, kuma ya fi kishin mota a kan mai tafiya a ƙasa. Amma laifi yana bin mai shi, kuma akwai matakan dawowa da kowa ya sani.

Yawan motoci ne ya karya tsarin. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji, da kamfanin haɗa Fijo da aka buɗe a Kaduna a 1975, sun sa mota a hannun dubban mutanen da ba su taɓa zama ƙarƙashin wani oga ba. Daga baya matsin tattalin arziki ya kawo 'yan acaɓa da motocin Kwatano, tashoshi suka yi yawa, direban da aka kora a nan sai ya tsallaka titi ya yi lodi a can. Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike gurbin. Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra a 1977, sannan a 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Jihohi ma suka bi sahu, kamar Kano da ta kafa hukumar KAROTA a 2012. Sai dai makamin da ya fi yawa a hannun jami'in bakin titi shi ne tara, ita kuwa tara ana biyanta a wuce wurin. Wanda aka kama yau da gudun wuce sa'a, in aka sake kama shi jibi a wata jiha, sabon mai laifi ne, farashinsa bai canja ba. Direban haya kuwa ya iya lissafi: sai ya saka tarar cikin kuɗin kashewa na yini, kusa da mai da kamasho.

Masu cewa hali zanen dutse ne, wanda ya saba da taka totur ba zai daina ba, tarihin ƙasar nan bai goyi bayansu ba. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama, kuma direbobin da suka shekara ashirin suna bin gefe ɗaya suka sauya cikin kwanaki, domin kowa ya san babu inda zai ɓuya da tsohon halinsa. A 2003 aka tilasta ɗaura bel, direbobin birane da yawa suka saba da shi, ko da wasu sai sun hango jami'ai suke jawo shi. A gefe guda kuma, da aka tilasta hular kwano a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka, bayan ɗan lokaci dokar ta yi sanyi a mafi yawan garuruwan Arewa. Mutanen dai su ne, ba a sauya su ba. Abin da ya bambanta shi ne ko mai karya doka ya tabbata za a gan shi, kuma ganin zai biyo shi gobe.

Ƙasashen da suka riga mu cika da motoci sun gamu da wannan matsala, kuma maganin da suka samo bai yi nisa da na tsohuwar tasha ba, sai dai sun mayar da shi rubutu. A Ingila, tun dokar motoci ta 1903 kotu ke iya rubuta laifi a jikin lasisin direba, kuma a yau wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku yana fuskantar dakatarwa. Jamus ta Yamma ta buɗe rajistar masu laifin tuƙi a garin Flensburg a 1958, ta ƙara tsarin maki a 1974. Faransa ce ta fi ba da darasi. A Yulin 1992 ta kawo lasisi mai maki, direbobin tirela suka toshe manyan hanyoyin ƙasar kwana da kwanaki don adawa, amma tsarin ya tsaya. A yau direba na da maki 12, kowane laifi yana cin wasu, in sun ƙare lasisi ya mutu. Ƙofar dawowa kuma a buɗe take: wanda ya yi shekaru biyu zuwa uku ba laifi makinsa na dawowa, wanda kuma ya halarci bita ta kwana biyu ana mayar masa da har 4. Duk da haka a 2002 mutum sama da 7,000 suka mutu a titunan ƙasar. Sai da aka kafa kyamarorin auna gudu daga 2003, kama mai laifi ya daina dogara da sa'a ko sanayya, sannan adadin ya faɗi ƙasa da 4,000 a 2010. Wato rajistar makin ta yi shekara goma tana jiran idon da zai riƙa cika ta.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan ita bitar. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2003, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, bai sami hujjar cewa sake koyar da masu lasisi yana rage haɗurra ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin mai shan gaban tirela a kan tudu ba jahilcin doka ke damunsa ba. Ya san ta sarai. Amfanin bitar shi ne ta zama mataki a tsanin dawowa, yadda direban da makinsa ya kusa ƙarewa zai ga cewa haƙuri na da lada. Wanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya ba ya ajiye tuƙi, lasisi kawai yake ajiyewa, ko ya nemo wani da sabon suna.

A takarda Najeriya na da kayan aikin. Jadawalin laifuffukan Hukumar Kiyaye Haɗurra yana da maki a gefen kowane laifi, lasisin da aka ƙaddamar a 2011 yana ɗauke da hoton yatsa don hana mutum ɗaya riƙe biyu, kuma a 2017 aka fara tilasta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu. Ƙorafin da ya rage shi ne na talauci, kuma shi ne mafi wahalar amsawa: dakatar da direban haya wata uku daidai yake da kashe tukunyar gidansa, alhali balas ɗin da mai mota ya yanka masa ba ya fita sai ya yi sawu uku a hanyar sawu biyu, da fasinja huɗu a kujerar mutum uku. Tsohon tsarin ya fi na yanzu adalci a nan, domin Alhajin da ya ba ɗan ganganci makulli shi ke asarar motarsa da sunansa a tasha. Rajistar da za ta yi aiki a Kano ko Gusau dole ta ɗauki lambar mota da sunan mai ita tare da na direba, kuma reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke ba da layi a tasha ya iya duba ta kafin a fara lodi.