Ciwon baya a lokacin azumi: Ina alaƙarsa da sukarin jini?

A unguwar Tudun Wada da ke Zariya, kamar sauran garuruwan arewacin Najeriya, ciwon baya da na ƙugu na daga cikin abubuwan da masu azumi kan yi kuka da su, musamman daga la'asar zuwa faɗuwar rana.

Irin wannan kuka ake ji daga waɗanda suka ƙaurace wa tuwo da shinkafa da burodi domin rage ƙiba ko shawo kan ciwon sukari.

Da yawa kan ɗora laifin a kan saukar sukarin jini. Sai dai alamun saukar sukari da likitoci suka sani su ne makyarkyata, da gumi, da jiri, da bugun zuciya, da ruɗewa. Ciwon baya ba ya cikinsu.

Ruwa da gishiri

Jikin ɗan Adam na adana sukari a hanta da tsoka a matsayin wani sinadari da ake kira gilaikojin. Hantar baligi kan riƙe kimanin giram 100, tsoka kuma kimanin giram 400, kuma kowane giram guda na tare da ruwa kusan giram 3.

Idan mutum ya daɗe bai ci ba, ko ya yanke abinci mai sitaci, jiki kan koma kan wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita ta fitsari.

A lokaci guda sinadarin insulin kan ragu, lamarin da ke sa ƙoda ta riƙa zubar da gishiri fiye da yadda ta saba. Wannan ne ya sa nauyin da ake gani ya sauka a makon farko galibinsa ruwa ne, kuma a makon ne ake fama da kasala da ciwon kai da ɗaurewar tsoka.

Yanayi ma na da tasa rawar. Azumin shekarar 2025 ya faɗo a watan Maris, lokacin da zafi ke tsananta a Zariya kuma iska ta bushe. Tela da ya yini a duƙe kan keken ɗinki, ko ɗan acaɓa, ko ɗalibin da ya raba dare yana karatu a Kongo, sannan ya yi doguwar tsayuwar tarawihi ba tare da isasshen barci ba, ba ya buƙatar wata cuta kafin ƙugunsa ya riƙe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari nasu ba a danganta shi da wata takamaimiyar cuta ba.

Ciwon da ba na tsoka ba

Abin damuwar shi ne ba kowane ciwon da ake ji a baya ne ya samo asali daga bayan ba.

Tsakuwar ƙoda kan haddasa ciwo mai tsanani a gefe guda, ƙarƙashin haƙarƙari, wanda ke gangarowa zuwa mara, wani lokaci da amai ko jini a fitsari. Ƙarancin ruwa na ƙara haɗarinta, haka ma daɗewa a kan abincin da ya cika nama ya kuma rasa sitaci.

Ramar gaggawa na iya haifar da tsakuwa a matsarmama, wadda ciwonta kan haura zuwa kafaɗar dama. Gyambon ciki ma kan soki baya.

Ga masu amosanin jini, wato sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita, ƙishirwa kaɗai na iya tayar da ciwon, kuma ƙashin baya na daga wuraren da yake kamawa.

A nan ne sayen magani a kemis ba tare da ganin likita ba ke zama haɗari. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka sha su a jikin da ya bushe, suna iya lahanta ƙoda su kuma tsananta gyambon ciki.

Zazzaɓi tare da ciwon baya, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, alamu ne da ba a jiran shan ruwa kafin a kai mai su asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya shafe shekaru da dama a Tudun Wada kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, shi ne babban wurin da ake tura irin waɗannan marasa lafiya a yankin.

Masu ciwon sukari

Wani nazari da masana a Jami'ar Sydney ta Australiya suka wallafa a 2019 ya nuna cewa masu ciwon sukari sun fi sauran mutane haɗarin ciwon ƙasan baya da kashi 35 cikin ɗari, ko da yake masanan ba su ce sukarin ne ke haddasa shi kai tsaye ba.

Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sabunta a 2021 sun ce mai ciwon ya karya azumi idan awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a ma'aunin miligiram. Sun kuma bayyana cewa tsira yatsa domin awo ba ya karya azumi, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Haɗarin ya fi yawa ga mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin wanda ya yanke tuwo a sahur bai rage magani ba. Don haka ake son ganin likita makonni shida zuwa takwas kafin Ramadan.

Shi kuwa tuwon alkama ko na acca da wasu ke komawa gare shi da sunan gudun sitaci, shi ma sitaci ne. Abin da ya fi tasiri shi ne girman malmalar, da yawan sukarin da ke cikin kunu da zoɓon buɗa-baki, da kuma rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur maimakon kwankwaɗa shi gaba ɗaya dab da kiran assalatu.