Rabon Ruwa Tsakanin Noma, Masana'antu da Gidaje: Nazari a Kan Ikara, Makarfi da Kudan

Tsakure

Maƙalar ta auna alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da yadda ake cin ruwa a ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna. Ta nuna cewa ƙididdigar ƙasa ba ta bayyana halin da yankin ke ciki, kuma matsalarsa ta lokaci ce fiye da ta yawan ruwa.

Gabatarwa

A duniya baki ɗaya, noma ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa, masana'antu kusan kashi 19, sauran kuma na gidaje ne. Nahiyoyi sun sha bamban ƙwarai. A Turai masana'antu ke ɗibar fiye da rabi, galibi don sanyaya tashoshin lantarki, alhali a Kudancin Asiya noma na cin kusan kashi 90. Sai dai ɗiba daban, cinyewa daban. Yawancin ruwan da tashar lantarki ta ɗiba yana komawa kogi, amma wanda aka zuba wa shuka rana da ganye ke shanye mafi yawansa.

Ƙiyasin FAO na 2010 ya bai wa noman Nijeriya kashi 44, gidaje 40, masana'antu 16. Ƙarancin kason noma ya samo asali ne daga dogaron ƙasar ga damina, da kuma nauyin manyan birane irin su Legas da Kano a cikin lissafin.

Halin yankin

Ruwan saman wannan yanki bai wuce kimanin milimita 1,000 a shekara ba, kuma yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Ƙarƙashin ƙasarsa tsohon dutse ne mai ƙarancin riƙe ruwa, saboda haka abin dogaro da rani shi ne fadamu da gajerun rijiyoyi. A nan ne Makarfi ke noman rakenta, Ikara tumatir da tattasai, Kudan kuma kayan miya har da inabi. Tun da shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa a farkon shekarun 1990, jigo ya ja baya, ɗibar ruwa ta ƙaru, kuma babu mitar da ke ƙirga ta.

Bisa ma'aunin FAO, tumatir na buƙatar milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa tsinka, wato lita miliyan 4 zuwa 6 a kowace hekta. Idan aka ƙaddara lita 50 a matsayin buƙatar mutum a yini, hekta guda ta tumatirin rani na shan abin da zai ishi mutum 200 zuwa 300 tsawon shekara. Rake ya fi haka nesa ba kusa ba: milimita 1,500 zuwa 2,500, adadin da damina kaɗai ba ta cika shi, sai da damshin fadama ko ban ruwa.

Kason masana'antu kuwa ɗan kaɗan ne. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara ya shafe shekaru yana aiki yana tsayawa, masu dafa mazarƙwaila kuma ruwan jikin raken suke sarrafawa.

Tattaunawa

Ke nan tsarin cin ruwan yankin ya fi kusa da na Kudancin Asiya fiye da matsakaicin Nijeriya. Wurin da gizo ke saƙar shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da mai lambu, makiyayi da matar gida ke komawa ga tushen ruwa guda. Mai inji ke fara ɗiba, rijiyar gida ta yi ƙasa, kuɗin jarka a hannun 'yan ga-ruwa ya hau. A ganinmu, tsara samar da ruwan sha ba tare da lissafin noman rani ba aiki ne rabi da rabi.

Muna kira ga Ma'aikatar Noma da Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su fara auna zurfin ruwan rijiyoyin fadamun yankin wata-wata, su kuma ƙirga injinan ban ruwa kafin a ƙara faɗaɗa noman rake.