Nasiha a Zangon Kumasi, daga Buzun Malam zuwa Wayar Hannu

Wanda duk ya taɓa ratsa lungunan Aboabo ko Asawase a yammacin ranar da aka saki sakamakon jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wadda ake kira WASSCE, ya san irin shirun da yakan sauka a kan samari da 'yan mata, kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana danna lambobin katin da ya saya, har abin ya bayyana, sa'an nan wani ya zabura ya nufi gida yana hamdala, wani kuwa ya mayar da wayar aljihu ya ce wa abokansa layin ne bai kama ba, alhali kuwa ya kama. Wannan na biyun shi ne ya dame ni, domin abin da nake ta juyawa a raina shi ne wa zai fara gaya wa, kuma wa zai lura da shi in ya ƙi faɗa. Wannan amana kuwa ta sauya hannu fiye da sau ɗaya tun da aka kafa Zango.

Karatu ya riga Zango zuwa Kumasi. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya iso birnin a 1817, da Dupuis bayansa a 1820, sun tarar da jama'ar Musulmi kusa da fadar Sarkin Tonawa Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da layu, shugabansu Malam Muhammadu al-Gamba, wanda aka fi sani da Baba, yana da makaranta da almajirai. Amma Zangon da muka gada ya samu ne bayan da basasar 1892 ta karya kasuwar Salaga, Turawa suka kama Sarkin Tonawa Prempeh a 1896, aka gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1903, sai fataken goro suka gangaro kudu zuwa inda goron yake, Mosawa da Dagwamba da Wangarawa da Yarbawa da Zabarmawa suka biyo, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. A wancan zamani kowane baƙo yana da maigida wanda zai sauke shi ya tsaya masa, kowane yaro kuma yana da malam. Shi ya sa har gobe idan mutumin Zango ya ce makaranta, ta Alƙur'ani yake nufi, ta boko sai an yi mata ƙarin bayani.

Shi malamin nan, wanda yake zaune a kan buzu a zauren gidansa tun daga asuba, bai raba aikinsa gida biyu ba, wato ta'alimi daban tarbiyya daban, saboda a fahimtar magabata, kamar yadda littafin Ta'alimul Muta'allim na Shaihu Zarnuji ya ginu a kai, haddar yaro da halin zuciyarsa abu guda ne, kuma baƙin ciki da yawan tunani suna cikin abubuwan da ke kawo mantuwa. Allo shi ne takardar sakamakonsa. Yaron da ya saba wanke allonsa kowane kwana biyu, idan aka wayi gari ya yi mako guda a kan aya uku, malam ba ya bukatar a gaya masa cewa akwai magana. Na tuna yadda namu malamin, Allah Ya jiƙansa, ya yi da wani ɗan'uwanmu almajiri wanda karatunsa ya tsaya cik: bai tsawata masa a gaban jama'a ba, sai da aka tashi bayan la'asar ya ce, "Kai, zo ka riƙe mini butar nan," suka tafi tare har bakin masallaci, yaro na biye da buta, malam na tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa kamar da wasa, kafin su isa ya riga ya san cewa an yi saki a gidan kuma yaron kwana uku bai ci abincin dare ba. Daga ranar aka riƙa zuba masa tuwo a gidan malam, kuma ba a yi wata guda ba allonsa ya koma wankuwa. A cikin gida kuwa akwai goggo da kaka da uwar riƙo, domin al'adar ba da yaro riƙo ga dangi ko ga malami ta yi ƙarfi ƙwarai a Zango, har mai bincike Enid Schildkrout ta yi magana a kanta a littafin da ta wallafa a kan Zangon Kumasi a 1978.

Ba zan ɓoye aibin wannan tsari ba, ko da yake ina ƙaunarsa. Bulala ta yi yawa a wasu zauruka. Kunya, wadda ita ce adon ɗa, takan zama takunkumi a bakinsa, musamman 'ya mace wadda abin da ke damunta ba ya faɗuwa a gaban namiji, balle malami, balle kuma idan mai cutar da ita na cikin gidan ne. Kuma a unguwar da kowa ya san kowa, sirri ba ya kwana.

Boko ta shigo Zango a hankali, cikin ɗari-ɗari, saboda yawancin makarantun na 'yan mishan ne, iyaye kuwa suna tsoron a raba 'ya'yansu da salla. An buɗe kwalejin Prempeh a 1949, sakandaren Ahmadiyya a 1950, Opoku Ware a 1952, amma 'ya'yan Zango da suka shiga a farkon lamari ba su da yawa, sai da Islamiyyoyi irin su Wataniyya ta Shaihu Baba al-Wa'iz suka saba wa mutane da benci da allon bango, sa'an nan gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi a 1987, zukata suka kwanta. A tsakanin nan an sha wahala, domin dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ɗaiɗaita gidaje, ta raba almajirai da malamansu da iyayen riƙonsu cikin 'yan makonni. A 1976 ne hukumar ilimi ta Ghana ta ba da umurni a kafa aikin jagora da ba da shawara a makarantun sakandare, Jami'ar Cape Coast kuma ta ɗauki nauyin horar da masu yinsa. Niyya ce kyakkyawa, sai dai sau da yawa malamin da aka ɗora wa aikin yana da nasa darussan cike da jadawali, ɗalibai kuma suka ɗauki ofishinsa wurin da ake tura mai laifi, har yaro ya gwammace ya haɗiye damuwarsa da a gan shi yana fitowa daga can.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai zuwa sakandare, ta yadda yarinyar unguwar Sawaba za ta iya tsintar kanta a makarantar kwana a garin da ba ta san kowa ba. A 2017 aka mayar da karatun kyauta, ɗalibai suka yi ambaliya, har a 2018 aka raba su kashi biyu suna karɓa-karɓa, wasu na aji wasu na zaman gida na watanni. A watan Maris na 2020 kuma annobar korona ta rufe makarantu baki ɗaya. A wannan dogon zaman gida ne waya ta karɓi wani yanki na aikin malam, malamai suka buɗe zaurukan WhatsApp don aika darasi, ɗalibai kuma suka gano cewa ana iya zagayawa ta bayan fage a rubuta wa malam ko malama abin da baki ya kasa furtawa.

A ganina fa'idar wannan hanya ta tabbata a wuri biyu. Na farko sirri, wanda Zango ba ta taɓa iya bai wa yaro ba. Na biyu bayani a kan lokaci, domin yaron da ya sami D7 a lissafi, alhali jami'a na neman C6 ko abin da ya fi, yakan ɗauka duniya ta ƙare, kuma saƙo guda da zai sanar da shi cewa akwai jarrabawar gyara ta ƙarshen shekara, ga yadda ake rajista, ga abin da zai maimaita, yana iya raba shi da daren da ba a san yadda zai ƙare ba. Amma waya tana jiran a yi mata magana ne, malamin zaure kuwa shi yake fara lura. Ba ta ganin ramar fuska, ba ta san an yi saki a gida ba, ba ta da tuwon da za ta zuba. Ga shi kuma an hana ɗalibai riƙe waya a makarantun kwana, a gidaje da yawa wayar ta uwa ce ko ta babban wa, kuɗin data kuwa yana takara da kuɗin cefane. Saboda haka nake roƙon masu wannan aiki, a makarantu da masallatai, su sa kowace hira ta waya ta ƙare a hannun wani mutum ɗan unguwa wanda zai taka ya je, kuma idan abin ya wuce nasiha a san hanyar likitocin asibitin Komfo Anokye ba tare da jin kunya ba. Malaman zaure suna nan a Aboabo da Tafo da Alabar, da yawansu da waya a aljihun riga, kuma yaran da ke sakandare da safe su ne dai ke zama gabansu ranar Asabar da Lahadi.