Saurin Kafar USB da Kwashe Hotuna daga Memori: Nazari kan Aikin Masu Hoto a Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Aikin mai hoto a Birnin Kudu ko Gwaram ba ya ƙarewa da watsewar taron biki. Sai ya zauna ya kwashe abin da ke cikin memorin kyamara zuwa kwamfuta, sau da yawa janareta na shan mai, dangin amarya kuma na jiran kayansu. Wannan nazari ya duba ko kafar USB mai sauri tana rage wannan jira.

Abin da alƙaluma suka nuna

USB 2.0 ta fito a shekarar 2000. A rubuce tana ɗaukar megabait 60 a daƙiƙa, amma a aikace da wuya ta haura 40. USB 3.0, wadda ta biyo baya a 2008, ta ninka ta kusan sau goma a rubuce, kuma galibi ana gane ta da shuɗin cikinta.

Sai dai hoto ba ta kafa kaɗai yake bi ba. Daga memori yake fitowa, ya ratsa kad-rida, wato na'urar karanta memori, ya shiga kafar, ya sauka a rumbun kwamfuta. Wanda ya fi nawa a cikin huɗun nan shi ke yanke lokaci. Ko an shimfiɗa wa jaki kwalta, ba zai yi gudun mota ba.

A ɗauki memori mai gigabait 32 da ya cika da bidiyon ɗaurin aure. In tsoho ne mai ba da megabait 20 a daƙiƙa, zai ci kusan minti 27, kowace kafa aka soka shi. In kuwa nau'in UHS-I ne mai ba da 90, tsohuwar kafa za ta riƙe shi kusan minti 15, sabuwar ta gama cikin minti 6. Nau'in UHS-II, mai layi biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa, iyakarsa megabait 312 a daƙiƙa, amma sai da kad-ridar da ta dace da shi.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Na farko, kad-rida mai araha yawanci ta USB 2.0 ce, ko a shuɗiyar kafa aka sa ta, saurinta na da za ta yi. Na biyu, jabun memori, wanda lambar da ke jikinsa ta sha bamban da aikinsa.

Kammalawa

Mai ɗaukar hoton fasfo ko na katin makaranta ba zai ga bambancin kirki ba, don kayansa ba su da nauyi. Mai bidiyo kuwa zai gani a lokacinsa da kuɗin mai. Kafin ya yi tunanin sauya kwamfuta, ya fara da memori na ainihi da kad-rida ta USB 3.0, ya kuma auna su da agogo tun a shagon mai sayarwa.