Kakide, Man Kaɗe da Tsatsa: Yadda Bindiga Ta Daɗe a Ƙasar Rano

Bindiga ta riga mulkin Bature zuwa ƙasar Kano da fiye da shekara 150. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Daga baya aka yi Sarki Alu, wanda ya hau gadon sarauta a 1894 lokacin yaƙin Basasar Kano, aka yi masa laƙabi da Maisango, wato mai sango, makamin da ake harbawa da bindiga. Masana tarihi sun yi ta rubutu kan wanda ya harba da wanda aka harba. Ni kuwa abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ƙarfen da ya keto daji daga bakin teku ya kai shekara hamsin a ɗakin ƙasa mai yoyo, bai ruɓe ba.

Mu a Rano da Kibiya wannan tambaya ta shafe mu. A ƙarni na 19 kudancin Kano ne bakin daga, nan Ningawa suke faɗo wa garuruwa su kwashi mutane da dabbobi, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Ga kuma dajin Falgore kudu da mu, inda maharba ke kwana. Amma bindiga ba ta yi yawa ba. Doki da mashi da baka su ne makaman yau da kullum. Da Turawa suka zauna a birnin Burasels a 1890, sun hana a sayar wa yawancin Afirka bindiga ta zamani, suka bar mana mai ƙanƙara, wato adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: dakarun Kanar Morland suka fasa Bebeji, maƙwabciyarmu, a farkon Fabrairun 1903, ranar 3 ga watan kuma Kano ta faɗi.

To ita wannan adaka, abincinta ne ke cinye ta. Albarushin gargajiya in ya ƙone yana barin baƙin dauɗa a cikin bututu, dauɗar nan kuma tana jawo laima. A bar ta kwana biyu da damina, sai a tarar tsatsa ta fara huda ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Kakana na wajen uwa maharbi ne a wani ƙauye na ƙasar Kibiya, Baba Tsoho muke ce masa. In ya dawo daga daji ba ya taɓa tuwo sai ya sa an tafasa ruwa. Ya cire bututun daga ƙota, ya zuba ruwan zafi ta baki, ya yi ta zura tsumma a kan sanda har ruwan ya daina fitowa baƙi. Zafin da ƙarfen ya ɗauka shi ke busar da shi. Daga nan sai mai. Da damina kakide yake narkawa, ko man kaɗe, ya shafe ciki da waje har ƙota. Da hunturu kuwa hannunsa ya zama na marowaci: ɗigon man keken ɗinki a kan kunama, ya bi da busasshen tsumma ya goge kusan duka. Na taɓa ce masa, "Baba Tsoho, ai ka share man da ka sa." Ya ce, "Kai ɗan nan, ƙura mai take nema. In ta same shi sai su haɗu su zama taɓo, ranar da gada ta tsaya gabanka kunama ta ƙi faɗuwa." Man gyaɗa kam, duk da yawansa a ƙasarmu tun zamanin dalar gyaɗa, ba ya kusantar bindigarsa, domin in ya kwana biyu yana yin danƙo.

Kafin mai akwai aikin maƙeri. In ya gama gyaran ƙarfe yakan mayar da shi wuta ya yi zafi, ba har ya yi ja ba, ya goga masa tsumma mai maiƙo, hayaƙi ya tashi, ƙarfen ya yi baƙi wuluk. Wannan baƙin riga ce. Kamfanonin ƙera makamai a yau suna yin abu mai kama da haka da sinadarin fosfet ko kurom, musamman a kan ƙarfen nan da ke kai da komo cikin bindigar soja, yana ɗauko harsashi yana fitar da kwanso.

Kada a ɗauka maganar mai ƙaramar magana ce. A Indiya, a 1857, Turawan Ingila suka kawo wa sojojinsu 'yan ƙasa bindiga ƙirar Enfield, wadda sai an ciji takardar harsashinta da haƙori kafin a ɗura. Labari ya bazu cewa da kitsen saniya da na alade aka shafe takardar. Hindu ba ya taɓa na farko, Musulmi ba ya taɓa na biyu. Ranar 10 ga Mayu sojoji suka yi bore a Mirat, wutar ta kama arewacin ƙasar, kuma bayan ta lafa gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin Turawan da ke mulkinta a lokacin. Su ma Amurkawa sun sha tasu a Biyetnam: aka raba wa sojoji M16 ba isassun kayan wanki, aka canja irin albarushin, bindiga ta riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa. Sai da majalisar dokokinsu ta yi bincike a 1967, aka koma lulluɓe mazaunin harsashi da kurom.

Abin da na gani a 'yan shekarun nan bai yi mini daɗi ba. Matasan da ke bin farauta da rani, da wasu 'yan sintiri, baƙin man da aka juye daga babur suke ɗura wa adaka. Yana da arha, gaskiya ne, amma cike yake da dattin inji, kuma man fetur kowane iri in ya gamu da dauɗar albarushin gargajiya yakan daskare kamar kwalta. Waje na sheƙi, ciki na ruɓewa. Da yawa daga bindigogin ma ba ƙarfen kirki ba ne, bututun famfo ne aka yi wa ƙota, irin wanda ke fashewa ya tafi da yatsun mai shi. A nan tsofaffi sun fi mu gaskiya, kuma ba don tsufansu ba: kitsen dabba da man kaɗe suna barin dauɗar da laushi, ruwan zafi ya fitar da ita.

Dokar makamai ta 1959 tana nan, kuma ta ba 'yan sanda ikon hana riƙe ko da adaka ba tare da izini ba. Inda bindigar gargajiya ke fitowa da rana tsaka ba fargaba shi ne hawan Sallah, in 'yan bindiga sun jera gaban sarki. Tunda an dawo da Masarautar Rano a 2024, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta, ina roƙon fada ta sa a bi gidajen maharba da maƙera a tattara tsofaffin bindigogin da suka rage, a rubuta na wane gida ne kowace, a ɗauki bayanin dattawan da suka san wankinta tun suna da rai.